Ido, wa ka raina? Fenti da isansi na cin ganin ma'aikata, mahukunta na kallo

Akwai wani mai fentin mota da na sani a Maraɗi tun ina yaro. A zamanin da yake tashe, in motar wani Alhaji ta samu ƙwarzane, wurinsa ake kai ta, domin in ya haɗa launi ya fesa, ko mai motar ba ya iya nuna inda aka taɓa. Bai yi lakwal ba, ba ya da wata na'ura, idonsa ne ma'auninsa. Shekara kusan 30 ya yi cikin wani ɗakin kwano mai ƙofa guda, yana shaƙar feshin fenti daga safe har magariba, in ya tashi ya wanke hannunsa da diluwan, ya sha madara ya tafi gida.

Kwanan baya na biya ta garejin, na tarar da shi zaune bisa benci, yaronsa ne ke haɗa fenti. Na ce masa: “Baba, lafiya ka bar wa yaro aiki?” Ya ce mini tun shekarun baya masu motoci suka fara maido masa da aiki, suna cewa shuɗin ƙofa bai zo daidai da na jikin mota ba, shi kuwa yana rantsuwa cewa iri ɗaya yake ganinsu. Da abin ya yi yawa ya tafi asibiti. Aka zaunar da shi gaban allon haruffa, ya faɗi na sama, ya faɗi na tsakiya, ya sauko har kusa da layin ƙarshe. Aka ce masa idonsa lafiya lau, ya nemi tabarau na karatu tunda girma ya zo. Ya koma gida riƙe da takardar da ke cewa yana gani, alhali sana'ar da ya ci da iyalinsa da ita ta riga ta kuɓuce masa. A duk zaman da ya yi gaban malamin asibiti, babu wanda ya tambaye shi mene ne aikinsa, balle a tambaye shi abin da yake shaƙa.

Wannan tambaya da ba a yi masa ba ita ce dalilin rubutun ga. Hausawa sun ce: ido, wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. Kowace safiya muna wuce masu fenti, masu faci, kafintoci, masu ɗinkin takalma, ma'aikatan maɗaba'a, masu zuba mai a gidajen mai da ƴan ruwa-ruwa masu jera kwalaben isansi a bakin hanya. Mun saba da su, mun saba da warin da ke tashi daga wurarensu, har mun ɗauke shi alamar cewa ana aiki. Warin nan guba ne, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da yake ci sannu a hankali shi ne gani.

Abin da ke cikin kwalba

Ruwan da ake tsinka fenti da shi, wanda muke kira diluwan, maƙwabtanmu na kudu kuma suke kira tina, da sholishon faci da na takalma, da man da kafinta ke sa wa katako ya yi sheƙi, da ruwan goge tawada a maɗaba'a, da wanda ake wanke manyan riguna da shi ba tare da ruwa ba a gidajen wanki na zamani, duka dangi ɗaya ne. Aikinsu shi ne narkar da maiƙo da gam da fenti, sa'an nan su bushe da sauri, wato su bi iska. Sunayensu na ilimi su ne toluwen, zilen, benzen, sitiren, heksan, metanol, ferkuloretilen da makamantansu. Isansin mota shi kansa yana ɗauke da benzen da toluwen da zilen.

Hanya biyu suke shiga jikin mutum: ta huhu in an shaƙa, da ta fata in an taɓa. Mai tsotsar tiyo don ya jawo mai daga tanki ya ƙara wa kansa hanya ta uku. Kuma tunda halinsu ne bin maiƙo, in sun shiga jini sai su nufi inda maiƙo yake da yawa, wato ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, waɗanda aka naɗe da kitse kamar yadda ake naɗe wayar lantarki da roba. Bayan ido akwai wani siririn labule da haske ke sauka bisansa, daga nan kuma jijiyar gani ta ɗauki saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Labulen nan da jijiyar nan reshen ƙwaƙwalwa ne, abin da ya taɓa ta yana taɓa su.

A cikin labulen akwai ƙwayoyi iri uku masu gane launi. Masu gane shuɗi su ne mafi ƙaranci, ba su kai 1 cikin 10 ba, kuma hanyarsu ce ta fi saurin lalacewa. Shi ya sa alamar farko da masu bincike suka fi samu ga masu aiki da waɗannan sinadarai ita ce rikicewar shuɗi da ruwan ɗorawa: mutum ya kasa rarrabe shuɗi da kore mai kusa da shi, ko fari da rawaya mai haske. Wannan ya bambanta da makantar launi ta gado, wadda ake haihuwar wasu maza da ita, mai rikita ja da kore. Alama ta biyu ita ce raunin ganin abin da ya yi kama da abin da ke bayansa, kamar mutum mai tokar riga a bakin titi da almuru, ko rami cikin ƙura lokacin hunturu. Ta uku, filin gani ya rage kaifi daga gefe. In abin ya tsananta, ko kuwa sinadarin mai zafi ne irin metanol, jijiyar gani kanta ta mutu, wannan kuwa makanta ce da tabarau ko fiɗa ba su gyarawa.

Allon haruffa na asibiti, baƙaƙen alamomi ne bisa farar takarda. Yana auna kaifin gani kawai. Mutum na iya karanta shi sarai alhali launi da inuwa sun fara ɓace masa. Ke nan gwajin da muke yi bai dace da cutar ba, sai mu ce cutar babu.

Abin da aka auna a wasu wurare

Kada wani ya ce zancen ga ƙagaggen labari ne. A shekarun 1987 da 1988, malama Donna Mergler ta jami'ar Kebek da ke Monreyal, a ƙasar Kanada, tare da abokan aikinta, sun auna ma'aikatan masana'antar fenti da na maɗaba'a, suka tarar rikicewar launi ta fi yawa ga waɗanda suka fi shaƙar sinadaran. A Italiya, a 1994, likitocin ƙwadago sun auna ma'aikata 35 na gidajen wankin da ke amfani da ferkuloretilen, suka samu raunin gane shuɗi da rawaya, duk da cewa abin da suke shaƙa bai ko kusanci iyakar da ake ganin ba ta cutarwa ba. Da suka sake auna su bayan shekara 2, waɗanda shaƙarsu ta ƙaru sun ƙara lalacewa, waɗanda kuma tasu ta ragu ba su farfaɗo ba. Mai karatu ya riƙe wannan: abin da ya tafi, ba lalle ba ne ya dawo.

Binciken da ya fi kusa da halin da muke ciki shi ne na jami'ar Sawo Pawlo, a ƙasar Barazil, wanda aka buga a 2012. An ɗauki ma'aikatan gidajen mai 25, waɗanda suka yi kimanin shekara 10 a bakin famfo, aka gwama su da mutum 25 da ba su aikin. Dukansu sun wuce gwajin allon haruffa, likitan ido kuma bai ga wani aibu cikin idanunsu ba. Amma da aka yi musu gwaje-gwaje masu zurfi, sai ga shi masu zuba mai sun gaza wajen rarrabe launi, wajen ganin abu mai dishi-dishi, da kuma faɗin filin gani. Waɗannan fa mutane ne masu aiki a fili, iska na kaɗawa, da famfo da tiyo na zamani. To, ina ga yaron da ke juye isansi daga jarka zuwa kwalba da mazurari, fuskarsa bisa bakin jarkar, da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura maki 40 kuma man na tururi kamar ruwa bisa wuta?

Hujjojin sun yi ƙarfin da a 2007 ƙungiyar masana tsabtar wuraren aiki ta Amurka, ACGIH, wadda ƙasashe da yawa ke kwaikwayon ma'auninta, ta rage iyakar toluwen cikin iskar wurin aiki daga kashi 50 cikin miliyan zuwa kashi 20, kuma lahanin gani na cikin dalilan da ta kafa. Faransa ta yanke a 2012 cewa daga 1 ga Janairu 2022 ba za a ƙara aiki da injin wanki mai ferkuloretilen a shagon da ke manne da gidajen mutane ba. A lura kuma: duk waɗannan iyakoki an lissafa su ne bisa aikin awa 8 a yini, awa 40 a mako. Wane gareji ne a Tawa ko Damagaram ke rufewa bayan awa 8?

Darasin Koriya

Masu cewa a bar zancen lafiya sai ƙasa ta ci gaba tukuna, su saurari abin da ya faru a Koriya ta Kudu, ƙasar da ake yawan kafa mana misali da ita.

A 1964 aka sayo wa ƙasar tsofaffin injunan saƙa zaren rayon daga kamfanin Toyo Rayon na Japan, aka kafa masaƙar da daga baya ta shahara da sunan Wonjin Rayon, kusa da birnin Seul. Yin wannan zare yana buƙatar wani ruwan narkarwa mai suna disulfur na karbon, wanda ke lalata jijiyoyi da hanyoyin jini, har likita na iya ganin ƙananan kumburi bisa jijiyoyin jinin bayan ido. Ma'aikata suka yi shekaru suna shaƙa, suna shanyewa, ana sallamarsu ɗaya bayan ɗaya. A 1986 ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar ta miƙa wa masaƙar takardar yabo ta aiki ba tare da haɗari ba. Takardar yabo! Sai a watan Yuli 1988 wata sabuwar jarida mai zaman kanta, Hankyoreh, wadda ke da kimanin wata 2 da kafuwa, ta fasa ƙwan. A Janairu 1991, shekarar da mu nan muka yi babban taron ƙasa, wani tsohon ma'aikacin masaƙar mai suna Kim Bong-hwan ya rasu ba a amince da cewa aiki ne ya kashe shi ba. Iyalinsa da abokan aikinsa suka ƙi yi masa jana'iza har kwana 137, sai da hukuma ta sauko. Daga ƙarshe an amince da cutar ga ma'aikata fiye da 900, aka rufe masaƙar a 1993. Injunan fa? An sayar da su ga ƙasar Sin.

Mutum zai ce sun koyi darasi. Amma a 2015 da 2016, a ƙananan masana'antu na Bucheon da Incheon masu sassaƙa ƙarafan wayar salula ga kamfanonin da ke yi wa Samsung da LG aiki, aka riƙa sanyaya injuna da metanol maimakon etanol, saboda kuɗin metanol kusan kashi 1 cikin 3 ne na etanol. Matasa aƙalla 6, ƴan aikin wucin gadi, suka rasa ganinsu, wasu cikin ƴan makonni da kama aiki. Metanol in ya shiga jiki, hanta na juya shi ya koma wani ruwa mai tsami wanda ke shaƙe jijiyar gani. Babu wanda ya faɗa musu abin da ke cikin jarkar. A 2023 irin wannan ta sake faruwa a lardin Bak Nin na ƙasar Biyetnam, inda mutane da dama suka kamu, ɗaya ya mutu.

Abin da tarihin ga ke koyarwa a bayyane yake. Guba mai araha ba ta ɓacewa daga duniya. In aka kore ta daga inda ake aunawa, sai ta gangara inda ba a aunawa, daga Japan zuwa Koriya, daga Koriya zuwa Sin, daga babban kamfani zuwa ɗan kwangila, daga ɗan kwangila zuwa yaron da ba ya da takardar aiki. Mu kuwa muna ƙarshen gangaren. Jarkar diluwan da ke shigowa kasuwanninmu, a tsiyaye ta cikin gorar ruwan sha ba suna ba gargaɗi, wa ya san abin da ke cikinta? In an gauraya ta da metanol don ta yi araha, mai saye bai sani ba, mai sayarwa ma sau da yawa bai sani ba.

Masu cewa ba wannan ne ya dame mu ba

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a ofisoshi. Za a ce: ƙasar da ke fama da amodari da yanar ido da hawan jinin ido, ina ta ga sukunin damuwa da wanda ya kasa rarrabe shuɗi da kore? Wannan magana ta wanda ke cin abinci da alƙalami ce. Ga mai fenti, ga marini, ga mai buga takardu masu launi, ga mai haɗa wayoyin lantarkin mota waɗanda da launinsu ake gane su, launi shi ne jari. Kuma direban da ya yi ƙuruciyarsa yana tsotsar mai daga tanki, in ganinsa na almuru ya raunana, motarsa ce ku da iyalanku za ku shiga zuwa Yamai. Bugu da ƙari, rikicewar launi ƙararrawa ce. Tana nuna cewa guba ta fara taɓa jijiyoyi, kuma abin da ke bin bayanta shi ne ciwon kai na kullum, mantuwa, saurin fushi, mutuwar tafin hannu da ƙafa. Benzen kuma sananne ne wajen haddasa sankarar jini. Wanda ya kama cutar a ido da wuri ya ceci sauran jiki.

Za a ce kuma: tsufa ma na rage ganin launi, haka ciwon sukari, da taba, da barasa. Gaskiya ne. To, wannan ai hujja ce ta a auna mutum ranar da ya kama aiki, a sake auna shi shekara-shekara, don a san abin da aiki ya ci da abin da shekaru suka ci. Wanda ya ƙi aunawa, sa'an nan ya ce ba a tabbatar ba, ya ɓoye mudu ne yana musun awo.

Wasu za su ce ƙaddara ce. Babu mai jayayya da ƙaddara. Amma maigidan garejin da ke faɗin haka, shi ba ya zama ɗakin feshi; yana waje ƙarƙashin bedi yana shan iska, yaran da aka ba shi amana su ne a ciki.

Masu cewa kuma ƙasar ga ba ta iya komai, su tuna cewa a watan Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa. Aiki ne na shekaru kusan 50, na feshi da rabon magani da ƙidaya da sake ƙidaya. Ƙasar da ta iya bin ƙuda kogi-kogi ba za ta ce bin gareji-gareji ya fi ƙarfinta ba.

Doka na nan, tana barci

Abin takaicin shi ne ba dokoki muka rasa ba. Tun 1965 asusun CNSS ke da alhakin biyan diyyar haɗarin aiki da cututtukan da sana'a ke jawowa, da kuma rigakafinsu. A 1993 Nijar ta amince da yarjejeniya mai lamba 148 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi gurɓatar iska a wurin aiki. A 2000 ta amince da mai lamba 182, wadda ta hana sa yara aikin da ke cutar da lafiyarsu. A 2009 ta ƙara da mai lamba 155, kan lafiya da kariyar ma'aikata. Kundin dokar aiki na 25 ga Satumba 2012 ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar ma'aikatansa, ya kuma wajabta kwamitin lafiya da kariya a duk wurin da ke da ma'aikata 10 zuwa sama. Jerin cututtukan sana'a na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda aka sabunta a 2010, ya ambaci benzen da danginsa, da heksan, da disulfur na karbon, da ruwan narkarwa baki ɗaya. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace ta sa hannu, an yi tafi, an ɗauki hoto.

To, mu tambaya. Sufeton ƙwadago nawa ne suka taɓa shiga ɗakin feshi da na'urar auna iska a hannu? Mai fenti nawa ne asusun ya taɓa biya diyya saboda ganinsa? A wane asibitin jaha ne ake tambayar mai ciwon ido sana'arsa a rubuta? In akwai alƙaluma, a fito da su, za mu buga su a wannan shafi da godiya. Fiye da 9 cikin 10 na masu aiki a ƙasar ga ba su da rajista ko takardar albashi, ke nan dokar ta tsaya ne a ƙofar ƴan tsirarun kamfanoni, ta bar garejin unguwa da rumfar mai faci, inda gubar ta fi yawa. Amma mai karɓar haraji na magajin gari ya san hanyar kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare, ba ya ɓata. Hukumar da ta san ƙofar mutum ranar karɓa, ya kamata ta san ta ranar kariya.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Ku ƴan kasuwa, da ku zan fara, domin ta hannunku kayan ke shigowa, kuma da yawanku ku ne masu gidajen mai da gareji. Ku nemi wanda ya sayar muku da diluwan ko sholisho ya ba ku takardar bayanin abin da ke ciki. Duk kamfanin kirki yana da ita, wanda ya ƙi bayarwa yana da abin da yake ɓoyewa. Ku daina tsiyaye shi cikin gorar ruwan sha ba tare da suna ba. Ku kawo takunkumin hanci na gaskiya, mai gwangwanin gawayi wanda ake sauyawa, da safar hannu da ba ta narkewa, ku ajiye su kusa da fenti a shagunanku. Ku kawo fenti da tawada masu tsinkewa da ruwa inda aiki ya yarda da su. Araha ba ta ado, kuma ribar da aka ci da idon yaron wani, za a tambaye ta.

Ku ma'aikatan gwamnati, abin da ake nema gare ku bai kai kuɗin taron bita guda a babban otel ba. Gwajin da masu binciken Kanada da Italiya suka yi aiki da shi, wanda likitan ido na Faransa Filip Lantoni ya tsara, ƴan ƙananan marufai 15 ne masu launi dishi-dishi cikin akwati, mutum ya jera su bi da bi. Ba ya buƙatar lantarki, ba ya wuce ƴan mintoci. A ajiye shi a sashen ido na kowane asibitin jaha da wurin likitocin ƙwadago. A ƙara layi guda cikin takardar mai ciwon ido: mene ne aikinka, shekara nawa? Duwan su ƙi shigar da ruwan narkarwar da ba ya ɗauke da suna da alamar haɗari. Sufetocin ƙwadago su fita daga ofis, su je da nasiha kafin tara, domin in aka mai da zancen ga wata sabuwar hanyar tatsar talaka, masu sana'a za su rufe ƙofa su yi feshi a ɓoye, cutar ta ƙaru. Su kuma sandikoki, waɗanda suka san hanyar titi in albashi ya makara, su tuna cewa ma'aikacin da ya rasa ido ya rasa albashin duk sauran rayuwarsa.

Ku masu sana'a, ga abin da ba ya buƙatar izinin kowa. Madarar da kuke sha bayan feshi abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke guba daga jini. Ƙyallen da kuke ɗaurawa a hanci, da takunkumin takarda, ƙura suke tarewa, tururin diluwan na ratsa su kamar babu. Ku yi feshi inda iska ke ratsawa, iskar na bayanku. Ku rufe gwangwani in ba a aiki da shi, ku fitar da tsummokaran da suka jiƙe waje. Ku wanke hannu da sabulu, ku bar isansi. Kada ku ci abinci ko ku kwana ɗakin da ake ajiye fenti, kuma kada ku kwantar da aparanti a ciki da sunan gadi. Ku bar tsotsar tiyo, famfon hannu na nan a kasuwa. Wanda kuma ya ji ganinsa ya yi hazo farat ɗaya, da ciwon kai da amai bayan aiki da wani sabon ruwa, ya garzaya asibiti a ranar, ya tafi da kwalbar, domin gubar metanol tana da magani in an yi sauri, kwana ɗaya kuwa na iya raba mutum da idonsa.

Tsohon da na ba ku labarinsa yana nan bisa bencinsa. Yaron da ya gaje shi bai kai shekara 20 ba, idonsa garau, masu motoci na yaba haɗinsa. Ranar da na je, na gan shi cikin wannan ɗakin kwano mai ƙofa guda, da ƙyalle a hanci, ya gama feshi ya tsoma hannunsa cikin gwangwanin diluwan. Shi ne ake iya ceta yanzu, da irinsa dubbai daga Gaya har Diffa. In an bar shi, nan da shekara 20 wani malamin asibiti zai zaunar da shi gaban allon haruffa, ya ce masa idonsa lafiya lau. Mu dai mun faɗa, kuma za mu sake tambaya. Allah ya ba mahukunta kunnen ji.